Sanyin da ke saukowa ta bututun hayaƙi

Kai yaro, tambayarka ta fama min tsohon miki. Wai an cusa murhun ƙarfe cikin tsohon murhun bulo, sanyi na saukowa ta gefensa, ko ka toshe da soson katifa? Kada in ƙara jin sunan soso a bakinka.

A unguwar Rayfield ta Jos aka yi min wannan cutar, a ɗaya daga cikin gidajen nan da Turawan kuza suka bari. Ka san hunturun Jos. Bututun gidan faffaɗa ne, na sabon murhun kuwa siriri, duk ratar da ke tsakaninsu hanyar iska ce. Sanyi ya fi zafi nauyi, sai ya gangaro falo. Na ce wa maigidan a yanko farantin ƙarfe daidai maƙogwaron bututun, a huda shi siririn bututu ya wuce, a shimfiɗa audugar dutse a kansa, wadda wuta ba ta ci. Ya amince, ya ba ni rabin kuɗi. Kwana biyu ina kwance a rigingine, kunkunniya na zuba min a ido, ina fitar da awo a jikin kwali, don tsohon gini ba ya da kusurwa madaidaiciya. Da na kai masa lissafin mai walda sai ya ce tsada, in dakata.

Ashe ya samo wani yaro irinku, mai koyon aiki a waya, ya danna soso da buhun siminti a ramin. Daren da suka hura wuta soson ya narke, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan, aka fito da 'ya'yansa suna tari. Allah ne ya tsare. Washegari mutumin nan ya tsaya gaban jama'a ya ce aikina ne! Ya hana ni cikon kuɗina, ya riƙe min tsani da guduma, kuma na rasa gidaje uku a layin da muka riga muka yi ciniki. Har gobe ban yafe ba.

Ku yaran yanzu so kuke a gama kafin azahar. Share bututu da ɗaure faranti ba sai na koya maka ba. Abin da za ka riƙe: siminti na gini tsagewa yake in ya sha zafi, sai na wuta. Inda bututu ya ratsa farantin ka naɗa igiyar da ba ta ƙonewa, don ƙarfe na buɗewa in ya yi zafi. Can sama ka rufe ratar, ka sa wa bututun hula saboda ruwa. Hanyar hayaƙin kanta kuwa kada ka kuskura ka toshe ta. In ta toshe, iskar gawayi mai guba ce za ta dawo ɗaki; ba ta da wari, a barci take kashe mutum.

In ka gama, kunna turaren tsinke ka zagaya bakin murhun. Duk inda hayaƙin ya karkata, akwai sauran aiki. Ka kira ni in gani kafin a hura wuta.