Amsa ga 'yar'uwarmu a kan boren Arewacin Ingila na 1536

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Da na karanta cewa malaminki ya dawo miki da aikinki a kan boren da mutanen Arewacin Ingila suka yi wa Sarki Henry na Takwas, ya ce sai kin zaɓi ɗaya, ko addini ne ya tayar da su ko haraji, sai da gabana ya faɗi, domin ni ma a nan aka kayar da ni.

Ranar da na je kare kundina, ɗaya daga cikin malaman bai ko bari na gama gabatarwa ba. Ya ɗaga kundin da yatsu biyu, ya tambaye ni a gaban ɗaliban da ke bayanmu ko wa'azi na zo yi, saboda na rubuta cewa talakawan sun fito ne don kare addininsu. Ya ce talaka cikinsa kawai ya sani. Wata huɗu na yi a kan aikin nan, rabinsa da fitilar waya, kuma akuya mahaifiyata ta sayar aka biya kuɗin buga shi. Na tsaya bakina ya bushe, ga amsa a cikina amma ta ƙi fitowa. Har yau idan na tuna jan biron da ya ratsa shafin farko da shi, raina yakan ɓaci.

Abin da na kasa faɗa masa shi nake faɗa miki: kada ki yarda a raba miki addini da haraji. Ki nemi buƙatu 24 da masu boren suka rubuta a garin Pontefract a Disamba 1536, ki karanta da kanki. A takarda ɗaya suka nemi a mayar wa Fafaroma ikonsa, a buɗe gidajen ibadar da aka rufe, a hukunta Thomas Cromwell, babban ministan sarki, kuma a rage kuɗin da masu ƙasa ke tatsa a hannun manoma 'yan haya. Dokar rufewar ta wannan shekarar ta hau kan gidajen ibadar da kuɗin shigarsu bai kai fam 200 a shekara ba, alhali a nan matafiyi ke kwana, a nan mabuƙaci ke samun sadaka, ga shi amfanin gonar 1535 bai yi kyau ba. To, wanda aka rufe wa wannan ƙofa, addininsa aka taɓa ko tukunyarsa?

Kada kuma ki yi jayayya da malami a gaban jama'a, ki bi shi ofis da takardar a hannunki, kuma ki ajiye kwafin duk abin da kika miƙa, domin ni nawa na farko ɓata ya yi.

Ki ba Robert Aske, jagoran boren, haƙƙinsa. Lauya ne, ya kira tafiyarsu ziyarar ibada, tutarsu na ɗauke da raunuka biyar na Almasihu kamar yadda suka yi imani. Wajen mutum 30,000 suka taru kusa da Doncaster, sun ninka rundunar sarki, amma da aka yi musu alkawarin afuwa da zaman majalisa a York sai suka watse. Majalisar ba ta zauna ba. Wani sabon bore a Janairu 1537 ya ba sarki hujja, aka kashe kimanin mutum 200, aka rataye Aske da sarƙa a York a watan Yuli.

Littafin da na yi rubutu a ciki yana nan, idan kina so in ɗauko miki hoton shafukan gobe in sha Allah.