Tukwanen Mutanen Nok a Tsakar Gida

Tambaya: Malama, 'ya'yana sun ji labarin mutanen Nok, maginan tukwane na Kudancin Kaduna fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sun gwada, tukwanensu duk suka tsage. Ina matsalar take? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya, yumɓu zalla suka kwaɓa. A daka tsingaro, a zuba kwano ɗaya cikin yumɓu kwano uku. Su murza shi kamar igiya, kaurin yatsa, su riƙa naɗawa suna shafe gaɓoɓin da jiƙaƙƙen yatsa. A shanya a inuwa kwana bakwai. Da hunturu a lulluɓe da tsumma, don iska tana busar da baki kafin gindi. Ɗanyar tukunya fashewa take a wuta saboda tururi. Gashi da karan dawa kuwa aikin babba ne, yara su tsaya nesa.