Tun da aka yi tsawa kwamfutar shagona ta daina shiga intanet, sai an yi mata fomatin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Garwa. Kwamfutata ta tebur ce, 'yar gwanjo, mai Windows 10 na Faransanci, kuma da kebul take haɗe da akwatin Wi-Fi mai ɗaukar sim. Ranar da aka yi ruwa da tsawa aka ɗauke wuta. Da aka kawo na kunna ta, tun daga nan ba shafin da ke buɗewa. Wayata kuwa lafiya lau take shiga intanet a cikin shagon. Wani mai gyara ya ce ƙwayar cuta ce ta kama ta, sai an yi fomatin. Ga takardun mutane cike a ciki. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka yarda a taɓa maka Windows tukuna. Kwamfutar da ke aiki kafin tsawa, ta daina bayan tsawa, da wuya a ce ƙwayar cuta ce ta jira wannan daren ta shiga. Yin fomatin, wato goge komai a girka Windows sabo, a nan barin jaki ne a daki taiki. Intanet kafin ya iso fuskar kwamfutarka sai ya bi ta hannun kamfanin layi, ya shiga akwatin, ya bi kebul, ya shiga ramin da ke bayan kwamfuta, sannan ya kai ga Windows. Aikinmu shi ne mu gano a ina ya tsinke.

Fara da wayar da ka ce tana aiki, domin ita ce shaidarka, kuma tana iya yaudararka. Wayoyi da yawa idan suka ga Wi-Fi ba ya kawo komai sai su koma kan datar sim ɗinsu ba tare da sun faɗa maka ba. Kashe datar wayar gaba ɗaya, ka bar Wi-Fi kaɗai, ka buɗe shafin da ba ka saba shiga ba. In bai buɗe ba, to kwamfutarka ba ta da laifi: ko datar akwatin ta ƙare, ko sim ɗin ya goce, ko layin ne ya faɗi a unguwar. Zare akwatin daga wuta, ka ba shi kamar minti ɗaya, ka mayar, ka jira fitilunsa su daidaita. Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin Garwa baki ɗaya, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da manyan kebulan ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Kamaru suka ji a jikinsu. Irin wannan sai haƙuri.

In kuwa wayar ta buɗe shafin, sai ka zagaya bayan kwamfutar ka durƙusa. Inda kebul ɗin ya shiga, yawancin kwamfutoci suna da ƙananan fitilu biyu, ɗaya kore, ɗaya ruwan lemo ko rawaya, ɗaya a tsaye ɗaya tana ƙiftawa. Idan duhu ne ɗif, kwamfutar da akwatin ba sa jin juna ke nan. Zare kebul ɗin ka duba kansa. Akwai ɗan harshen roba da ke yin ƙas idan ya shiga daidai, kuma in ya karye kan yakan zame kaɗan ba a lura ba. Hure ƙurar da ta taru a ramin, wadda hunturu ya bar maka. Duba ɗaya kan a jikin akwatin ma: a ramin da aka rubuta LAN ya kamata ya zauna. Na sha ganin yaron shago ya yi shara ya mayar da shi ramin WAN, a wuni ana neman abin da ya lalace. Sauya rami, sannan ka aro wani kebul ka gwada.

Idan an sauya kebul an sauya rami fitilar ba ta kama ba, kuma ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka ga an rubuta "Câble réseau non connecté" alhali kebul na ciki, to zargina ya fi karkata nan: tsawar ta ƙona ramin. Wannan ramin yana cikin abubuwan da tsawa ko dawowar wuta da ƙarfi suka fi saurin kashewa, sauran kwamfutar kuma ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Ba ya bukatar a sauya babban allon cikinta, ko da wani ya ce maka haka. Ɗan ƙaramin makamin Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB, ko mahaɗin kebul na USB, ya wadatar. Kafin ka sayo, jona wayarka da kwamfutar da igiyar caji, ka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. In shafi ya buɗe ta nan, ka tabbatar Windows ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma ka samu abin da za ka sallami masu jira da shi.

To idan fitilar tana ci fa? Windows da R, ka rubuta cmd, baƙin allo zai fito. Rubuta ipconfig ka danna Entrée, ka nemi layin "Adresse IPv4". Lambar da ta fara da 192.168 tana nufin akwatin ya ba kwamfutar adireshi. Wadda ta fara da 169.254 kuwa kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta, saboda ta nema ba a ba ta ba. Hakan na faruwa sosai bayan an kawo wuta, kwamfuta ta riga akwatin tashi. Rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. A madannan Faransanci, wannan karkatacciyar sandar tana kan maɓallin ɗigo biyu ne, sai ka haɗa da maɓallin Maj, wato Shift.

Da adireshi ya samu, rubuta ping 8.8.8.8. In ka ga "Réponse de 8.8.8.8", intanet yana isowa, abin da ya rage shi ne DNS, wato sashen da ke juya sunan shafi zuwa lambar da kwamfuta ke ganewa. Rubuta ipconfig /flushdns. In bai yi ba, ka sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a matsayin DNS a saitin IPv4 na wannan haɗin. Ka leƙa saitin "Proxy" ma, wato saitin da ke karkatar da intanet ɗinka ta hannun wata kwamfuta, kada a ce wata manhaja ta kunna shi.

Akwai kuma abin da masu gyara da yawa ke tsallakewa, ga shi a gaban ido: agogo. Kalli kusurwar ƙasa ta dama. Kwamfutar gwanjo takan zo da ɗan batir mai kama da kwabo a cikinta, CR2032, mai ƙarfin volt 3, wanda ke riƙe kwanan wata idan babu wuta. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwamfutar ta farka a wata shekara da ta wuce. Shafukan yanzu kusan duka suna da takardar shaidar tsaro mai kwanan wata, don haka burauza za ta ƙi buɗe su, ta rubuta "Votre horloge est en retard" ko "Votre connexion n'est pas privée". Mai shago sai ya ce intanet ya tafi, alhali yana nan. Gyara kwanan wata da lokaci, shafuka za su buɗe nan take. Sai ka sauya batirin, ana samunsa wajen masu gyaran agogo, in ba haka ba gobe ma a ɗauke wuta ka koma gidan jiya.

Duk waɗannan in sun faskara, akwai "Réinitialisation du réseau" a saitin Windows, ƙarƙashin "Réseau et Internet". Yana goge saitin haɗin intanet ne kawai ya girka shi sabo, ba ya taɓa takarda ko ɗaya. Shi ne iyakar abin da zan yarda a yi kafin a kai ga maganar fomatin, kuma ko an kai can, sai ka kwashe takardun mutane a filas ko faifan waje da hannunka, ka buɗe wasu ka ga suna nan.

Muddin damina ba ta ƙare ba, da ka ga hadari ya haɗo, kashe kwamfutar bai isa ba. Zare ta daga bango, ka zare akwatin, ka zare kebul ɗin da ya haɗa su. In hali ya yi, ka sa su biyun a kan onduleur ɗaya, wato na'urar mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ka kuma riƙa kunna akwatin da farko, sai fitilunsa sun zauna sannan ka kunna kwamfutar.