Amsa ga kanina mai shirin zuwa karatu Marshall

Salam kanina, naga sakonka, kace an fada maka garin Marshall din nan na jihar Minnesota a Amurka babu komai sai gonakin masara da waken suya, kana tsoron kadaici ya kama ka. Gaskiya aka fada maka, fili ne shimfide iya ganinka ga iska ba ta tsayawa, amma wallahi abinda ke karya yaranmu anan shine kulle kai a daki daga aji sai waya, alhali lokacin zafin gajere ne, daga Yuni zuwa Agusta shikenan, kafin ka ankara Nuwamba tazo sanyi ya rufe kowa har Maris.

To ka samu abokai biyu ko uku mai mota a ciki ku tafi kwana a tanti a gandun shakatawa na tafkin Lake Shetek kusa da kauyen Currie, bai kai awa daya ba. Shine tafki mafi girma a kudu maso yammacin jihar, tun 1937 gwamnati ta kebe wajen. Kana ta ratsa gonaki kawai sai kaga kurmi da inuwa a bakin ruwa, ga barewa da yamma ga kwasakwasa a kan ruwa, akwai hanyar da aka cike da kasa kana takawa da kafa har tsibirin Loon, ni dai nan nafi so bayan asuba.

Wajen kafa tanti a intanet ake kamawa kuma suna budewa tun saura kwana 120, karshen mako na Yuli in ka yi sanya bazaka samu ba. Ana baka fili da tebur da murhun karfe, akwai bandaki da wajen wanka. Kudin shigar mota daban yake, lokacin da na saya dala 7 ne na yini 35 na shekara. Itace kuma kar ka dauko daga gari, a wajen zaka saya, sun hana saboda wani kwaro dake kashe musu bishiyoyi kuma da gaske suke.

Sauronsu baya bada maleriya amma yafi na damina a gida naci, ka sayi maganin shafawa. Kaska ce abin kula, tana sa ciwon Lyme, duk dare ka duba kafa da hammata. In wayarka tayi kara da gargadin guguwa kar ka zauna a tanti dan Allah, ka nufi ginin bandakin.

Nama ka saya a shagon yan Somaliya kafin ku taso, ka zo da yajinka daga gida. Karfe 10 na dare ake daina hayaniya, kuma a Yuni magariba sai bayan karfe 9, asuba kafin 4, sai ka san yadda zaka tsara barcinka. Tanti kar ka saya tukuna, in ka iso ka min magana ina da guda.