Kififiya babba da ƙanana a tanki ɗaya: za su saba da juna?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Daminar bara yarona mai shekara 11 ya tsinto kififiya a bakin wani kududdufi, muka zuba mata ruwa a tankin gilashi, yanzu ta kai tafin hannuna. Watan jiya kawunsa ya zo daga Legas da wasu 'yan ƙanana guda biyu, koraye, masu jan zane a gefen kai, kowanne bai fi murfin jarka ba. Yaron ya haɗa su wuri ɗaya, wai kada kaɗaici ya dame su. Yanzu na lura jelar ɗaya ta gutsure, kuma ya daina hawa dutsen da suke shan ɗumi. In an bar su za su saba? Sannan ina da 'yar shekara 3 da ba ta rabuwa da bakin tankin.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba za su saba ba. Ki raba su yau, ko da a bahon wanki ne za ki fara sa ƙananan kafin a shirya musu wuri. Jelar nan da kika ga ta gutsure babbar ce ta cije ta, kuma wadda ta ɗanɗana sau ɗaya za ta koma.

Yaronki ya yi tunani mai kyau, tausayi ne ya sa shi, don haka kada a yi masa faɗa. A dai fahimtar da shi cewa kunkuru ba kaza ba ne, ba kuma tunkiya ba. Uwar takan haƙa rami ta zuba ƙwai ta rufe ta yi tafiyarta, ba ta sake waiwayarsu. Ranar da ɗan ya fasa ƙwai shi kaɗai yake neman hanyar ruwa, shi kaɗai yake neman abinci. Bai san uwa ba, bai san wa ba, bai san ƙane ba. In kin ga kunkuraye sun jeru a kan gungume a bakin dam, rana ce ta tara su, kowa ɗuminsa yake nema. Saboda haka kaɗaicin da yaron yake ji musu, shi ne yake jin sa, su kam ba sa ji.

Abin da kike da shi a gida iri biyu ne daban. Babbar, tunda daga kududdufinmu ta fito, mafi yawa irin da masana ke kira Pelomedusa ce. Ki duba yadda take ɓoye kai: in tana lanƙwasa wuya gefe ta kwantar da kan a ƙarƙashin bakin ƙoƙonta, maimakon ta ja shi ciki kai tsaye, to ita ce ko 'yar uwarta. In an ɗaga ta takan saki wani wari. Wannan mafarauciya ce ta gaske. Tana cin talibambam, tana, ƙananan kifi, dodon koɗi, kwaɗi, duk abin da ya motsa kuma bakinta zai iya kamawa. A Namibiya an sha ganin irinta sun taru sun ja kurciyar da ta sauko shan ruwa sun nutsar da ita. Dabbar da ke iya wannan, jelar jariri mai wutsil-wutsil a gabanta ba ta da maraba da tana.

Ƙananan kuwa baƙi ne. Koren kunkuru mai jan zane a bayan ido asalinsa daga Amurka yake, yankin kogin Misisifi, ana ƙyanƙyasar su da yawa ana sayarwa a duniya. Sunansa na kimiyya Trachemys scripta elegans. Yau ne yake kamar murfin jarka. Tamatar takan kai tsawon santimita 25 zuwa 30, kuma in ya samu kulawa yana wuce shekara 20. Wato nan da 'yan shekaru lissafin zai juya, su ne za su fi ta kududdufin girma, ita ce za ta koma abin tausayi.

Mutane sukan tambaye ni tazarar shekaru nawa ce ba ta da haɗari. Ni ba shekaru nake dubawa ba, girma nake dubawa. Kunkuru biyu 'yan wata ɗaya, ɗaya ya samu ci da ɗumi ɗaya bai samu ba, sai ki ga wannan ya ninka wancan. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: in kan ƙaramin ko ƙafarsa za su shiga bakin babban, ba a haɗa su ko na awa ɗaya. Naki sun wuce nan nesa.

Cizo shi ne abin da ido ke gani, amma ba shi kaɗai ke kashe ƙaramin ba. Ki ja kujera ki zauna gefen tankin da hantsi ki yi shiru na minti goma. Za ki ga babbar ta hau dutsen ta baje, ta miƙe ƙafafun baya, ta cinye wurin. Ƙaramin zai taso ya ɗora hannu ɗaya a gefen dutsen, da ta juyo kai sai ya sake ya nutse ya koma lungu. Wani lokaci kuma kashin dankali ake yi, babbar ta hau kansa ta danne, ita ta sha ɗumin, shi yana ƙasa a jiƙe. Kunkuru jininsa ba ya ɗumama jikinsa, daga waje yake samun zafi. In bai fito ya bushe ya yi ɗumi ba, abinci ba ya narkewa a cikinsa, ƙoƙonsa yakan fara ruɓa, sanyi ya kama huhunsa. Wanda kika ce ya daina hawa dutse, a wannan hanyar yake.

Haka wajen abinci. Jarirai kullum ake ba su, babbar kuwa bayan kwana biyu ma ya ishe ta. In suna tare, ko dai ta cinye nasu ta yi ƙibar da za ta cutar da ita, ko su zauna da yunwa. Kuma lokacin cin abincin ne ake yawan samun cizo, domin ta kai wa loma sara sai ta haɗa da hannun wanda ya riga ta.

Akwai wani yaro da aka taɓa kawo mini, sa'an naki, riƙe da gwangwanin madara ya rufe bakinsa da tafin hannu. A ciki ɗan kunkuru ne, hannun gaba na dama babu shi daga gwiwa, wurin ya yi fari ya kumbura. Wata uku suna zaune da babban lafiya lau, a dare ɗaya abin ya faru. Mun wanke, mun yi magani, ya rayu, amma iyo a karkace yake yi har yau. Shi ya sa ba na yarda da maganar "ai tunda aka haɗa su ba su taɓa faɗa ba".

To ga yadda za ki yi da mai raunin. Ki ware shi shi kaɗai, har ɗan uwansa ma kada a haɗa su tukuna, domin rauni yana jan baki. Ki samu aidin irin wanda ake wanke ciwo da shi, ki sirka da ruwa har ya yi kalar shayi mara kauri, ki shafa a bakin jelar da auduga sau biyu a rana. Bayan an shafa a bar shi a busasshen mazubi mai ɗumi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a mayar da shi ruwa mai tsabta. Kada a hana shi ruwa gaba ɗaya, domin kunkurun ruwa a cikin ruwa yake haɗiye abinci. Jelar ba za ta sake tsirowa ba, amma za ta warke. In wurin ya kumbura, ko ya yi baƙi, ko kika ga yana iyo gefe ɗaya a sama, yana buɗe baki, kumfa na fita ta hanci, ko idanunsa sun kumbura sun rufe, ki kai shi asibitin dabbobi a ranar. Kada a jiƙa masa kafso na mutane a ruwa, ba ya warkarwa, ɓata ruwan kawai yake yi.

Maganar wurin zama, ba dole sai gilashi ba. Babban bahon roba ya fi ƙaramin tankin gilashi amfani nesa ba kusa ba. Lissafin da masu kiwon suka saba da shi shi ne kusan lita 15 na ruwa ga kowace santimita ɗaya ta tsawon ƙoƙon baya. Babbarki in ta kai santimita 10, lita 150 ke nan, jarka shida mai cin lita 25. Kowane ƙarami jarka biyu ta ishe shi a bana. Amma tun yanzu ku sani, in ɗaya ta zama tamata ta girma, ruwan da za ta buƙata ya kai duro biyu. Zurfin ruwan ya kai ninki biyu na tsawon kunkurun, don in ya kife ya iya juyawa, a kuma sa wa jariran abin da za su dafa su huta kusa da saman ruwa. Bulo ko faffaɗan dutse da aka jingina yadda za su hau ba wahala ya wadatar. Kada a zuba ƙananan tsakuwa a ƙasa, suna haɗiye ta.

Abin da Allah ya hore mana a Katsina kyauta, wanda mutanen Turai ke sayen ƙwan lantarki na musamman dominsa, shi ne rana. A cikin haskenta akwai wani sashe da fatar kunkuru ke buƙata don ta haɗa bitamin D, wanda da shi ne jiki ke ɗaukar sinadarin ƙashi. In babu shi ƙoƙon yakan yi laushi ya karkace. Gilashi yana tare wannan sashen, don haka ajiye tanki a bakin taga bai biya buƙata ba. A fito da bahon tsakar gida da hantsi, rabinsa a inuwa rabinsa a rana, a rufe da ragar waya saboda shirwa da hankaka da mage. Sai dai a kula ƙwarai da bazara. A watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, ruwa kaɗan a roba yakan yi zafin da zai kashe jariri kafin azahar. Da rana ta fara ɗagawa a mayar da su inuwa.

Hunturu kuma shi ne lokacin da na fi jin tsoro ga baƙin nan. Jarirai suna son ruwa mai digiri 26 zuwa 28, alhali a Disamba da Janairu ruwan da ya kwana a waje kin san yadda yake cizon hannu da asuba. Su kwana a ɗaki, nesa da ƙofa. In akwai hitar tankin kifi da wutar da za ta riƙe ta, madalla. In babu, a sirka musu da ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan safe da yamma, a taɓa da bayan hannu a ji bai kai ɗumin jiki ba. Babbar 'yar gida ce, danginta in kududdufi ya ƙafe sukan binne kansu a laka har ruwa ya dawo, don haka in ta rage ci da sanyi kada hankalinki ya tashi.

Abinci: tana, fara, gyare, shinge in damina ta faɗi, ƙananan kifi. Kada a kamo ƙwari daga gonar da aka yi wa feshi. Abincin kifi na buhu yana taimakawa, amma kada ya zama shi kaɗai. A dafa ɓawon ƙwai a daka shi lukui a riƙa barbaɗa kaɗan. Korayen suna ƙara son ganye in suna girma, a saba musu da latas tun yanzu. Tuwo da burodi da shinkafa ba abincinsu ba ne. Loma daidai girman kan kowanne ta isa. In babu na'urar tace ruwa, a riƙa ba su abinci a wata roba daban, a sauya ruwan bahon duk bayan kwana biyu ko uku. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba.

Yanzu 'yarki, kuma wannan ya fi duk abin da na faɗa a sama nauyi. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa, shi lafiyarsa lau, amma tana fita a kashinsa ta cika ruwan da jikinsa. Ga ƙaramin yaro tana kawo zawo da amai da zazzaɓi mai tsanani. Saboda ita ne Amurka, inda korayen nan suka fito, ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10, tun 1975, domin ƙananan ne yara ke ɗauka su kai baki. Hukumomin lafiya na can suna cewa yaron da bai kai shekara 5 ba kada ya taɓa su sam. Ki ɗauke bahunan daga inda hannunta zai kai. Yayanta ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa su ko ruwansu. Ruwan da aka sauya a zuba shi a masai, ba a wurin wanke-wanke ba, kuma soso da robar aikinsu kada su haɗu da kayan kicin.

Da a ce babbar ba ta zauna da baƙi ba, da na ce a mayar da ita kududdufinta in damina ta sauka. Yanzu wata guda suna ruwa ɗaya, ba a san abin da ta ɗauka ba, sakinta zai iya kai wa na daji cuta. A riƙe ta. Korayen kuma ko da wasa kada a kai su dam ɗin Ajiwa ko wani rafi ranar da aka gaji da su. Suna cikin jerin dabbobi da tsirrai 100 da suka fi ɓarna in sun shiga ƙasar da ba tasu ba, har Tarayyar Turai ta hana shigo da su tun 1997.

In jelar ta warke sarai, za a iya gwada haɗa ƙananan biyu a baho mai faɗi, da dutse biyu, muddin girmansu ɗaya. Ki ba yaron aiki: ranar ɗaya ga kowane wata ya ɗora rularsa ta makaranta a bayan kowanne, daga wuya zuwa jela, ya rubuta a littafi. In ɗaya ya fara tsere wa ɗan uwansa da fiye da santimita ɗaya, a sake raba su. In kuma wata biyu suka wuce mai raunin bai ƙaru ba alhali yana cikin ɗumi, ku kawo shi tare da littafin.