Ku Tambaya, Mu Amsa: Asabar da Lahadi a Ƙasar Baskawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa. An zaɓe ni zuwa kwas na mako uku a Madrid, ƙasar Sifaniya, cikin watan Mayu, biza ma ta fito. Za a ba mu hutun Asabar da Lahadi sau ɗaya. Wani abokin aiki ya ce kada in dawo ban leƙa ƙasar Baskawa da ke arewacin Sifaniya ba, har ya lissafo mini garuruwan Bilbao da San Sebastian da Gernika. Guzurina bai taka kara ya karya ba, kuma ban taɓa fita waje ba sai Umara. Yaya zan tsara tafiyar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri. Shawararmu ta farko: ka ɗauki Bilbao kaɗai. Daga Madrid zuwa can kusan kilomita 400 ne, awa huɗu da rabi zuwa biyar a bas ko jirgin ƙasa. San Sebastian kuma wata tafiyar ce ta kusan kilomita 100 daga Bilbao. In ka ce sai ka taɓa ko'ina, a kujerar mota hutun zai ƙare.

Ka yi Juma'a a Madrid, da yamma ka hau bas ɗin kamfanin ALSA a tashar Avenida de América. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa ta intanet tun mako biyu kafin ranar, domin motocin yammacin Juma'a da na Lahadi su ne ke fara cika, kuɗinsu kuma na hawa. Bas zai ajiye ka a tashar Bilbao Intermodal, dab da filin ƙwallo na San Mamés. Kana sauka ka nemi katin Barik a na'urar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka zuba masa kamar yuro goma. Da shi za ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, da taragun kan titi, da bas, har da jirgin hawa dutse, kuma ya fi sayen tikiti ɗai-ɗai araha sosai. Masauki ka kama shi tun kana Madrid, a tsohon gari wato Casco Viejo ko a unguwar Abando, inda ƙafa za ta kai ka kusan ko'ina. Za su nemi fasfo kafin su ba ka makulli, don haka kada ka baro shi a Madrid.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne barin kasuwa sai Lahadi. A can Lahadi kantuna a kulle suke. Saboda haka safiyar Asabar ta kasuwa ce. Da misalin ƙarfe tara ka shiga Mercado de la Ribera, babbar kasuwa mai rufi a bakin kogi. Kai da gona ce sana'arka, ka daɗe a wajen masu kayan lambu: ka duba ƙananan korayen tattasai na Gernika, da waken Tolosa mai duhu, da cukwin tumaki da ake kira Idiazabal. Ka lura da yadda ake rubuta sunan garin da aka nomo kaya a jikin kwando, har sunan ya zama shi ne ke ƙara wa kayan daraja. Wannan kaɗai abin tattaunawa ne da manoman ridi da zoɓo idan ka dawo. Masu rumfuna suna tashi da rana a ranar Asabar, kada ka ce sai bayan la'asar.

Daga kasuwa ka faɗa lunguna bakwai na tsohon gari, waɗanda su ne asalin Bilbao, garin da aka kafa a 1300. Ko'ina za ka ga rubutu da harshe biyu, Sifaniyanci da Euskara, harshen Baskawa, wanda ba shi da dangi a cikin harsunan Turai na yau. Mutanen suna ji da shi ƙwarai. Ka riƙe kalma uku: kaixo wato sannu, eskerrik asko wato na gode, agur wato sai an jima. Harafin x ana faɗinsa kamar sh ɗinmu.

Maganar abinci, a nan ne muka fi so ka buɗe ido. Abin da garin ya shahara da shi su ne pintxos, 'yan loma-loma da ake jerawa bisa kanta, galibi a kan yankan burodi. Naman alade ya shiga da yawa daga cikinsu, wani ma ba ya nunawa. Ka rubuta waɗannan a wayarka, duk alade ne: cerdo, jamón, chorizo, bacon, panceta, tocino, morcilla, lomo, da manteca wato kitse. Croquetas suna kama da ƙosai, amma sau da yawa da jamón a ciki. Faten waken nan mai daɗin gani ma da alade ake haɗa shi. Ka ce "sin cerdo, sin alcohol", wato ban da alade, ban da giya. Abin da za ka ci hankali kwance: tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankalin Turawa, muddin ba mai ciko ba ce, gilda, tsinke ɗaya mai zaitun da ɗan kifi da barkono mai tsami, da bacalao al pil-pil, kifi mai gishiri da aka dafa a man zaitun da tafarnuwa har man ya yi kauri. Wuraren pintxos mashaya ne, ana shan giya a ciki. In ranka bai kwanta ba, ka haye gada zuwa unguwar San Francisco, akwai mahautan halal na 'yan Maroko da gidajen abinci da kantunan 'yan Afirka, kuma su za su nuna maka masallaci mafi kusa. Ka je da rana, ka riƙe wayarka da kyau. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare sai takwas da rabi zuwa tara. Wanda ya nemi tuwon dare bayan shida zai tarar ba a ɗora tukunya ba.

Yammacin Asabar ka ba Guggenheim, gidan baje kolin zane-zane da sassaƙa, wanda Frank Gehry ya zana, aka buɗe a 1997 a wurin da dā tashar kaya ce da masana'antu. Ka sayi tikiti mai lokaci ta intanet. Jikin ginin ƙarfen titaniyam ne a lanƙwashe, launinsa na sauyawa da hasken rana. A ciki, awa biyu ta isa. Ka nemi zauren mai sassaƙa Richard Serra, inda aka kakkafa manyan faifan ƙarfe masu tsatsa, sun fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, kana bin tsakaninsu kamar lungu, bango na matsowa yana buɗewa. A dā Bilbao garin ƙarfe da ƙera jiragen ruwa ne, duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane abin da ake nufi. A wasu ɗakunan akan sami hotunan tsiraici, sai ka wuce.

Lahadi da safe ka hau layi na ɗaya na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Areeta don ganin gadar Bizkaia, ta 1893, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006. Wani dandamali ne rataye da igiyoyin ƙarfe yake tsallakar da mutane da motoci, don jiragen ruwa su samu wucewa. Minti biyu bai cika ba ka haye. In sararin sama ya washe, ka ƙarasa da jirgin hawa dutsen Artxanda ka hango garin gaba ɗaya, sannan ka kama bas ɗin ƙarfe huɗu ko biyar.

Sai ƙananan abubuwa. Akwai yayyafin da suke kira sirimiri, ba ya tsorata mutum amma yana jiƙa shi sharkaf, don haka rigar ruwa da takalmi sau-ciki, ba silifa ba. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, kan cajarmu mai ƙafa uku ba ya shiga. Babu buta a banɗaki, ka riƙe gorar ruwa. Alƙibla gabas ce a ɗan karkata kudu, saɓanin Ringim da ake karkata arewa. A Mayu agogonsu ya riga namu da awa ɗaya, kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Kada ka dogara da katin naira kaɗai, ka riƙe yuro a hannu, ƙananan takardu.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a Faransa, zan kai masa ziyara, ya ce zai kai ni Bilbao. Ina fama da gwiwa. Kuma sai na sake neman wata biza? Daga wata Hajiya, karkarar Dambatta.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. In bizarki ta Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ta isa, domin Faransa da Sifaniya duk suna ciki. Fasfo dai ya kasance a jakarki, ana iya tambaya a kan iyaka. Bakin kogin Bilbao shimfiɗe yake, kuma taragun kan titi yana bi ta kasuwa da tsohon gari har ƙofar Guggenheim. Ɗanki ya tuna ana ɗora katin Barik a na'urar da ke dandamali kafin a hau, ba a ciki ba. Mantawa na jawo tara. Ya kuma tabbatar masaukin yana da lif, don tsofaffin gidajen Casco Viejo da dama matakala ce zalla.

TAMBAYA: Gaskiya ne kulob ɗin ƙwallo na Bilbao ba ya sayen baƙin 'yan wasa? Daga wani matashi, Gumel.

AMSA: Gaskiya ne. Athletic, da aka kafa a 1898, ba ya sa ɗan wasa sai wanda aka haifa ko ya koyi ƙwallo a ƙasar Baskawa. Ta haka Iñaki da Nico Williams, 'ya'yan 'yan Gana, suka shiga. Mai son kallon wasa ya sani yawancin kujerun San Mamés na mambobi ne, kuma ba a tsayar da rana da lokacin wasa sai saura 'yan makonni. Kada ya sayi tikitin mota sai jadawalin ya fito.