Matambayi ba ya ɓata: har da mai tambayar waya?

Wani ɗan tireda daga Garwa, a arewacin Kamaru, ya aiko da ƙorafi. Ya ce tun yana yaro yake jin "matambayi ba ya ɓata", amma shi wayarsa ya tambaya maganin ciwon baya, ta kai shi ga wani mai bidiyo, ya sha jiƙo, ya kwana uku a kwance. Shin karin maganar ta tsufa ne?

Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Karin maganar lafiyarta ƙalau, kalmar farko ce ba ka duba da kyau ba. Hausa tana da ƙirar suna mai farawa da "ma-" ta ƙare da "-i": maɗinki, mafarauci, matafiyi, maƙeri. Wanda ya taɓa ɗinke yagar rigarsa sau ɗaya ba a ce masa maɗinki. Sai abin ya zama sana'a ko ɗabi'a. To haka matambayi yake. Mutum ne da tambaya ta zame masa jiki, ya tambayi wannan, ya yi gaba ya tambayi wancan, ya gwama amsoshin. Kai tambaya ɗaya ka yi, ka sha jiƙo.

Ka tuna da waɗanda suka kawo Hausa wannan yanki na arewacin Kamaru da Cadi. Fatake ne da maniyyata, masu bi ta Borno su ɓullo Kusiri, su haye ruwa zuwa Fort-Lamy, garin da aka mayar wa suna Njamena a 1973, daga nan su nufi Abeshe da Sudan, wasu su shekara da shekaru kafin su ga Makka. Wasu kuma suka yada zango nan suka zauna, mu ne jikokinsu. Madugu ba ya ɗora ayari kan maganar mutum ɗaya. A kowane zango sai ya sake tambaya: rijiyar gaba tana da ruwa? Wa ya baro can jiya? Wasu ma sukan ƙarasa karin maganar da cewa "sai dai asirinsa ya tonu", wato za a gane bai sani ba. Wannan 'yar kunyar ce kuɗin tambaya. Waya ta ɗauke mana ita, shi ya sa muka fi son tambayarta a kan mu tsaya gaban likita.

Wata malamar makaranta daga Kusiri ta ce an turo mata bidiyon ambaliya a WhatsApp lokacin ruwan 2024, aka ce Yagwa ce, wani gari a nan arewacin Kamaru. Ta tura wa dangi, daga baya ta gano na wata ƙasa ne, kuma tsoho. Ina "gani ya kori ji"?

Malama, a nan Hausa ta riga mu. Tana da "ganau" da "jiyau". Ganau shi ne wanda abin ya faru a kan idonsa, ƙafarsa na wurin. Jiyau kuwa labari aka kawo masa. A ganina mai kallon bidiyo jiyau ne, ko da idonsa ya yi aiki, domin wani ne ya zaɓi abin da zai nuna masa, wani ya rubuta sunan gari a ƙasa. Ruwan da kika gani gaskiya ne. "Yagwa ce" ɗin nan kuwa ji kika yi. Da kin kira wani da ke Yagwa, da shi ne ganau ɗinki.

Ita ma kalmar "labari" baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Larabci take, al-khabar, harafin "l" ya manne mata kamar yadda ya manne wa littafi da lokaci da lafiya. Kina jin asalinta a bakin maƙwabtanki masu Larabcin Cadi, da suke cewa khabar. Abin da ke ba ni dariya, mu ne muka sa neman labari cikin gaisuwa, "ina labari?", amma amsar kullum "sai alheri" ce, ko da gida na cin wuta. Labarin gaske sai an zauna.

Na ƙarshe, wani ɗalibi daga Marwa: intanet ko yanar gizo, wanne ne daidai?

Duka biyun, ɗana. Ni dai na fi son ta biyun. Kalmar "yana" ita ce 'yar fatar nan da ke rufe koko in ya huce, ita ce kuma mai rufe idon tsoho, gizo-gizo kuwa shi ke saƙa tasa a lungun ɗaki. Sai dai duk wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya ya san wani Gizon, mijin Ƙoƙi, sarkin wayo. Kakata in ta gama takan ce, "Ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Har yau ban ga mai turo bidiyon da ya rufe saƙonsa da haka ba.